Tsakanin Tako da Toka

Tako abinci ne da bayaninsa ba ya cin lokaci. Faifan gurasa ne siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wanda mutanen Meksiko ke kira tortiya. A ɗora masa nama ko wake ko kifi, a barbaɗa yankakkiyar albasa da ɗanyen ganye mai ƙamshi, a ɗiga haɗin barkonon da ake kira salsa, a matsa lemun tsami, a ninke, a kai baki da hannu, galibi a tsaye a bakin titi. Loma uku an gama. Sai dai tun da wannan ɗan abu ya tsallake iyakar ƙasarsu ya shiga madafan gidajen duniya, ya jawo gardamar da ta fi shi girma. Yau akwai mai cika tortiya da kabejin Koriya mai tsami, akwai mai zuba mata gasasshen dankali ko kaza da kori, akwai mai haɗa salsa da mangwaro ko kankana. Wasu na ganin basira ce. Wasu kuwa na ganin wasa ne da gadon mutane, an ɗauki sunan abincinsu an liƙa wa abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Gardamar ta girmi tako nesa ba kusa ba. Masu falsafar Girka sun yi ta a kan jirgin ruwan Tesiyas, wanda Fulutak ya ce mutanen Atina sun riƙa cire ruɓaɓɓun katakansa suna sa sababbi: in an sauya katako na ƙarshe, jirgin nan shi ne ko wani ne? Abin da nake son kafawa shi ne, mai girki a gidansa yana da damar sauya kusan duk katakan, domin abin da ake kira asali shi kansa tarin sauye-sauye ne da baki ya saba da su. Amma a ƙarƙashin kayan haɗin akwai dalilai, kuma su ne ba a zubarwa a kwana lafiya.

Bari a fara da abin da masu kare asali suke karewa. A ɗauki takon da kowa zai yarda na gargajiya ne, na bakin titin birnin Meksiko, a warware shi ɗaya bayan ɗaya. Masarar tortiyar 'yar gida ce. A kwarin kogin Balsas da ke kudancin ƙasar aka fara rainon wata ciyawa mai suna tewosinte har ta zama masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Barkono da tumatir da fiya su ma tsofaffin 'yan gari ne, har sunayensu a bakin Sifaniyawa daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek aka aro su. To naman fa? Saniya da tunkiya da akuya da alade, babu ko ɗaya a wannan ƙasa kafin jiragen Sifaniyawa su iso a 1519, kuma Tenochtitlan, babban birnin Aztek, bai faɗa hannunsu ba sai 1521. Cuku ya biyo shanu. Tafarnuwa da silantiro, ganyen nan da ake ganin tako bai cika ba sai da shi, daga tsallaken teku suka zo. Lemun tsami doguwar tafiya ya yi, daga Asiya ta hannun Larabawa zuwa Andalus sannan Meksiko, shi ya sa sunansa a bakin Basifaniye da sunansa a bakin Bahaushe duk suke komawa ga kalmar Larabci guda. Alkama ma baƙuwa ce, ga shi a jihohin arewa irin su Sonora tortiyar fulawa ta zama ta gida, har mutanen can ba sa jin suna cin baƙon abu. Duk wanda ya ce a koma ga tako na asali tsantsa, sai ya faɗa mana shekarar da yake nufi. In kafin zuwan Sifaniyawa ne, to ya haƙura da naman sa, ya rungumi talo-talo da barewa da kifi da soyayyiyar fara, wadda har gobe ake sayarwa tuli-tuli a kasuwannin Oaxaca kamar yadda ake sayar da ita a Maraɗi.

Ko a wancan zamanin ma babu wani tsari guda da aka tsaya a kai. Bernardino de Sahagun, wani limamin Kirista da ya shafe shekaru yana tattara bayanan rayuwar Aztek daga bakin dattawansu tare da ɗalibansa 'yan ƙasa, ya kammala babban kundinsa mai littafi 12 wajajen 1577. A ciki an lissafa masu sayar da tortiya iri-iri a kasuwa, fara da mai launi, mai kauri da siririya, da masu sayar da miya iri-iri, ta barkono mai hayaƙi, ta tumatir, ta 'ya'yan kabewa, ta fiya. Kasuwa ce ta masu gwada sabon abu don jawo mai saye. Ita kanta kalmar tako ba ta tsufa kamar yadda ake zato ba. Masanin tarihi Jeffrey Pilcher, a littafin da ya fitar a 2012 kan yaɗuwar wannan abinci a duniya, ya kawo hujjar cewa daga ramukan haƙar azurfa na ƙarni na 18 ta fito, inda mahaƙa ke kiran takardar da aka naɗe albarushi a ciki don fasa dutse da wannan suna. Ba kowa ne ya yarda da shi ba, amma abin da ba a musu a kansa shi ne, sai a ƙarni na 19 kalmar ta fara bayyana a rubuce da ma'anar wannan abinci. Naɗe abinci cikin tortiya tsohon aiki ne ƙwarai, sunan da ake faɗa a kansa kuwa na jiya-jiyan nan ne.

Misalin da ya fi kowanne rusa zancen tsantsar asali shi ne takon da birnin Meksiko ya fi alfahari da shi, wanda ake kira al pastor, wato irin na makiyayi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 mutanen Labanan sun bazu a duniya neman abinci. Kano ta samu rabonta, Meksiko ma ta samu nata, akasarinsu Kiristoci. A garin Puebla, wajajen shekarun 1930, baƙin nan na Gabas ta Tsakiya suka kafa tsinken ƙarfen nan mai juyawa a tsaye na shawarma, suna yankar nama suna naɗewa cikin gurasar alkama. Mutanen gari suka sa masa suna takon Larabawa. Sannu a hankali naman alade ya maye gurbin na rago domin shi ya fi samuwa a can. Da abin ya isa babban birni, wajajen shekarun 1960, sai aka jiƙa naman da busasshen barkono da jan irin nan mai rina abinci da ake kira aciyote, aka mayar da gurasar alkama tortiyar masara, aka soka abarba a saman tsinken. Tulin naman ma aka raɗa masa suna tirombo, sunan abin wasan yara mai juyawa kamar katantanwa. Yanzu a dubi wannan da idon mai kare asali na wancan lokaci. Balabane zai ce an ɓata masa shawarma, ɗan Meksiko zai ce an kawo masa baƙon abu. Dukansu da sun hana, da babu abin da jikokinsu ke kira gadon ƙasa a yau. Abin da ya raba ƙirƙirar jiya da ta yau bai wuce shekara sittin na sabo ba, kuma sabo ba hujja ba ne.

Akwai wata rarrabewa da malaman fiƙihu suka daɗe da yi wadda take haska wannan wuri, wato bambanci tsakanin ibada da al'ada. A ibada ana tsayawa inda aka tsayar da mutum, a al'ada kuwa asali halacci ne sai abin da nassi ya hana. Shaɗibi, Bamalikin Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya gina littafinsa Al-I'itisam a kan cewa bidi'ar da ake zargi ita ce hanyar da aka ƙago a cikin addini. Ƙarafi kuwa, da yake kasa sababbin abubuwa kashi-kashi, ya sa rariyar tankaɗe a cikin waɗanda aka halatta, alhali Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labari cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su da rariya, hura garin sha'ir suke yi dusar da za ta tashi ta tashi. Sai kuma hadisin damo, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. An kawo gasasshen damo, Manzon Allah ya janye hannunsa, Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka amsa masa cewa ba haramun ba ne, abin dai ba na ƙasar mutanensa ba ne shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo ya ci a gabansa. Darasin a fili yake: ƙin abu saboda rashin sabo daban, haramta shi daban. Kuskuren mai tsananin kare asali shi ne ya ɗauki tsarin girki ya ba shi matsayin ibada, ya mayar da ƙyamar harshensa hukunci a kan kowa. Yana da damar ya ce salsar mangwaro ba ta yi masa ba. Ba shi da damar ya ce an yi laifi.

Da a nan zancen ya ƙare, da sai a ce kowa ya yi abin da ya ga dama. Amma tarihin masara yana ɗauke da wani gargaɗi mai nauyi, kuma a cikin toka yake. Mutanen Meksiko da Gwatamala ba sa niƙa busasshiyar masara kai tsaye su yi tortiya. Sai sun dafa ta sama-sama cikin ruwan da aka zuba wa tokar itace, ko farin garin dutsen da aka ƙona wanda suke kira kal, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke su murje ɓawon, sannan su niƙa ta da danshinta. Sunan aikin nistamal, daga kalmomin Nahuwatal biyu masu nufin toka da ƙulli, kuma an fi shekara 3,000 ana yin sa. Ba surfe ba ne, domin surfe dusa kawai yake cirewa, wannan kuwa tsabar kanta yake sauyawa. Shi ke sa ƙullin ya yi danƙo ya haɗe, har a iya fyaɗa shi siriri bai tsage ba, abin da garin masara zalla ba zai taɓa yi ba. Shi ke ba tortiya ƙamshin da aka san ta da shi. Abin da masu yin sa ba su da sunansa, amma jikinsu ya shaida, shi ne cewa sinadarin nayasin, wato bitamin B3, a ɗaure yake a cikin masara yadda hanji ba ya iya tsotsarsa sosai, kuma wannan jiƙon ne yake kwance shi.

Turawa sun ɗauki masara sun bar tokar. A idonsu wata al'adar ƙauye ce ta mutanen da suka ci da yaƙi, alhali su suna da injinan niƙa masu aiki da ruwa da iska. Masara ta yi albarka a gonakinsu, ta zama abincin talaka safe da dare, sai wata cuta ta ɓulla: fata ta yi kaushi ta dare a inda rana ke duka, gudawa ta ƙi tsayawa, hankali ya gushe, daga nan sai kabari. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a yankin Asturias na Sifaniya a 1735. A arewacin Italiya, inda manoma ke rayuwa a kan tuwon masarar da suke kira folenta, aka sa mata sunan da ya bi ta, felagra, wato fata mai kaushi. A jihohin kudu na ƙasar Amurka, tsakanin 1906 da 1940, an ƙiyasta ta kama mutum wajen miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000. An yi ta ɗora laifin a kan ƙwayar cuta da ruɓaɓɓiyar masara da gadon jini, har Joseph Goldberger ya fara bincike a 1914 ya nuna daga abinci take, sannan Conrad Elvehjem ya gano a 1937 cewa nayasin ne maganin. Gaskiya ne talauci na da babban kaso a wannan masifa, domin mai samun madara da nama ba ya kamuwa, kuma manomin Meksiko yana haɗa masararsa da wake da kabewa a gona ɗaya da akushi ɗaya. Amma wannan ma ƙarin hujja ce. Abin da aka aro tsaba ce kawai, aka baro tsarin da ya sa tsabar take rayar da mutum. Matan da ke tsugune gaban tukunyar toka sun riga ɗakunan binciken Turawa da shekara dubbai, ba wanda ya tambaye su.

Ga inda nake ganin iyakar take. A cikin kowace al'adar girki akwai abin da yake nan don shi aka samu a kusa, akwai kuma abin da yake nan don yana wani aiki. Na farko ana musanya shi yadda aka so. Na biyu ma ana iya musanya shi, amma sai da abin da zai yi aikin da yake yi. Salsa ta isa misali. Ba jerin kaya ba ce da za a haddace, amsa ce ga wata matsala: nama mai maiƙo da gurasa mai laushi suna bukatar abin da zai farkar da harshe, wato zafi da tsami da gishiri, da kuma jikin da zai riƙe su kada su tsiyaye. Shi ya sa koriyar salsa, wadda ake yi da tomatiyo, ɗan koren nan mai riga kamar takarda, take tafiya da nama mai kitse, domin tsaminta yana yanke maiƙo. Shi ya sa ake gasa tumatir da tafarnuwa a busasshen kasko har su yi tabon ƙuna, don zaƙinsu ya fito da ɗan hayaƙi. Busasshen barkono kuwa daƙiƙu kaɗan ake ba shi a wuta, in ya wuce haka ɗaci zai yi, kuma ɗacin ba ya gyaruwa. Ƙaramin turmin dutse yana farfasa kayan ya bar su da gaɓa, bilanda kuwa tana kaɗa musu iska har jan ya koɗe. Wanda ya san waɗannan zai iya sa mangwaro a gurbin tumatir, domin yana da jiki, sai dai ya ƙara lemun tsami saboda zaƙin. Zai iya sa attaruhu a gurbin barkonon habanero hankali kwance, tunda jinsinsu ɗaya. Zai kuma gane tun kafin ya ɓata kayansa cewa kankana ruwa za ta saki ta jiƙe tortiyar har ta yage a hannu. Wanda bai sani ba shi ma yana sauyawa, amma caca yake yi.

Mai suka na farko zai ce, in haka ne suna ya zama fanko, kowa ya naɗe abin da ya ga dama ya kira shi tako. Yana da misali a hannu. A unguwannin bayan garin Liyon na Faransa, cikin shekarun 2000, a shagunan 'yan asalin Arewacin Afirka, an ƙago wani abu: babbar gurasar fulawa da aka cusa wa nama da soyayyen dankali da miyar cuku, aka ninke ta kusurwa huɗu aka danne a injin gashi. Ba masara, ba salsa, ba lemun tsami, amma sunansa tako, kuma ya cika Faransa da Maroko. Kama da wane ba ta wane, in ji mai sukan, wannan canza wa tuwo suna ne a juye, an bar sunan an canza tuwon. Ina ganin ya yi gaskiya rabi. Masanin falsafa Wittgenstein ya nuna cewa kalmomi da yawa ba su da siffa guda da ta game duk abin da suke nufi, kamanni ne irin na 'yan gida ɗaya, wannan ya ɗauko hancin kaka, wancan ya ɗauko tafiyarsa. Na Liyon ɗan uwa ne na nesa ƙwarai, wataƙila ma agola. Sai dai harshe yana da hanyar gyara kansa, mutane sukan ƙara wa abu laƙabi, su ce takon Faransa, su ce na Teksas. Muddin laƙabin yana nan ba a yaudari kowa ba. Ɓarnar tana farawa ne ranar da kwaikwayo ya ce shi ne na ainihi, har yaro ya tashi bai san akwai wani ba. Abin da ake bin mai ƙirƙira a nan gaskiya ce wajen kiran abu da sunansa, ba daina ƙirƙira ba.

Suka ta biyu ta fi zafi, domin ta adalci ce. Masu ita suna cewa ba a yin aro tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi, ƙwace ake yi. Abincin nan da duniya ke rububi yau, an daɗe ana wulaƙanta masu shi saboda shi. A 1899 wani ɗan bokon Meksiko, Francisco Bulnes, ya kasa 'yan Adam gida uku, masu cin alkama da masu cin shinkafa da masu cin masara, ya ɗora masu alkama a sama, ya ajiye masu masara a ƙasansu. A Amurka kuwa, Glen Bell yana da rumfar sayar da abinci a San Bernardino daura da wani gidan abincin 'yan Meksiko mai suna Mitla, inda ya ga yadda ake soya tako mai ƙamas. A 1962 ya buɗe Taco Bell, yau rassansa dubbai ne, Mitla kuwa tana nan inda take. Wannan koke ba na raini ba ne, kuma amincewar da UNESCO ta yi a 2010 cewa girkin gargajiyar Meksiko gadon 'yan Adam ne ba ta sa ko kwabo a aljihun manomin da ke riƙe da irin masarar kakanninsa, waɗanda suka kai kusan kala 60. Amma a lura da inda zaluncin yake. Yana wajen riba da suna da wanda aka manta da shi, wato a kasuwa. Uwar gidan da ta haɗa wa 'ya'yanta tako da sauran naman jiya ba ta tare wa kowa ciniki ba. In ma akwai abin da ya rage mata, bai wuce ta san daga inda abin ya fito ba, ta kuma faɗa in an tambaya. Hana ta girkin ba zai mayar wa kowa haƙƙinsa ba.

Akwai kuma abin da masu kare asali daga nesa ba su cika son ji ba, wato wanda yake biyan kuɗin asalin. Kafin injin niƙa, macen ƙauyen Meksiko takan shafe sa'o'i masu yawa kullum a durƙushe gaban dutsen niƙa, tun kafin asuba, domin ƙullin ba ya kwana. Da injinan suka fara shiga ƙauyuka a farkon ƙarni na 20, maza da yawa sun ƙi su, suna cewa tortiyar inji ba ta kai ta hannu daɗi ba. Mai yiwuwa sun yi gaskiya a kan daɗin. Matan dai suka ɗauki ƙwaryarsu suka nufi inji, kuma duk wadda ta san surfe da daka ba sai an yi mata bayanin dalili ba. Daga 1949 aka fara sayar da busasshen garin nistamal a kasuwa, wanda ruwa kawai ake zuba masa a kwaɓa, shi ne ma ya ba mai girki a ko'ina cikin duniya damar yin tortiya a gida. Diana Kennedy, Baturiyar Ingila da ta zauna a Michoacan ta shafe rayuwarta tana rubuta girke-girken ƙauyuka, ta yi aikin da ya cancanci yabo, amma ta yi kaurin suna wajen kushe abincin 'yan Meksikon Teksas, mutanen da su ma gadon iyayensu suke dafawa da abin da ƙasarsu ta ba su. A lura kuma, garin kanti ya rage wahala amma bai zubar da jiƙon kal ba. An sauya hannu da inji, an bar dalilin a wurinsa.

Suka ta uku ita ce wadda ba zan iya kawar da ita gaba ɗaya ba, kuma daga hujjata ta fito. Za a ce, ai Sifaniyawan da suka bar toka ba su san tana da aiki ba, a ganinsu ado ce. To ta yaya mai girki na yau zai rarrabe abin da yake aiki da abin da yake ado, tunda al'ada ba ta zuwa da takardar bayani? In ba a iya ganewa tun farko, ashe hikima ita ce a bar komai yadda aka same shi. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ta wuce kicin, ta shafi duk wani gyara da ake yi wa abin da aka gada. Amsata biyu ce. Ta farko, nauyin taka-tsantsan yana bin girman abin da za a rasa. Al'ummar da za ta ɗora rayuwarta kacokan a kan sabuwar tsaba tana bukatar tsoron da mai gwada salsa ranar Asabar ba ya bukata, domin shi kuskurensa a loma ta farko yake bayyana, kuma asararsa kwano ɗaya ce. Ta biyu, rashin sanin Sifaniyawa ba ƙaddara ba ce, raini ne. Masu ilimin suna gabansu, ba su ga darajar tambayarsu ba. Maganin wannan shi ne a bi tsari: a yi abin yadda masu shi suke yi, sau da yawa, har hannu ya fara gane abin da kowane mataki yake hanawa, sannan a taɓa shi. Roy Choi, wanda ya fito da motar sayar da tako mai naman gashin Koriya a Los Angeles a 2008, a cikin unguwannin da ake cin duka abincin biyu ya tashi. Haɗin nasa ya zauna ne domin ya san kabeji mai tsami da yaji zai yi aikin da salsa take yi. Wannan amsa ba ta ba da tabbacin cewa ba za a taɓa zubar da abu mai amfani ba. Tana rage yawan faruwar hakan ne kawai, kuma ban ga wata hanya da ta fi ta ba, in ba a daina girki ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan zance, ko da bai taɓa ganin tortiya ba. Masarar tuwonsa da barkonon yajinsa da tumatirin miyarsa da gyaɗar ƙuli-ƙulinsa duk daga nahiyar Amurka suka zo, cikin shekara 500 da suka wuce, kuma ba wanda yake jin yana cin abin aro. Ya karɓe su ya yi musu abin da masu su ba su taɓa tunani ba, har ya kai ga haɗa barkono da gyaɗa a yajin tsire, haɗin da mutanen Veracruz su ma suka kai gare shi ta tasu hanyar a cikin salsar mai da suke kira maca. Don haka Musulmin da ya so yin al pastor a gidansa, ya sa naman rago a inda ake sa na alade, bai kamata ya tsaya neman afuwar kowa ba. Iyakarsa ya mayar da abin wajen kakansa na Puebla. Abin da ya rage masa shi ne aikin da kowane abu yake yi: a yanka naman falle-falle don jiƙon ya ratsa shi, a bar masa kitse don kada ya bushe, a ba shi wuta mai ƙarfi har gefensa ya yi ƙuna-ƙuna, a ɗumama tortiyar a kasko kafin a ninke ta don kada ta karye. Abarba kuwa akwai dalilin da ya sa masu sana'ar suke soka ta a saman tsinke suna yankowa a ƙarshe. Ɗanyarta tana ɗauke da wani sinadari mai narka nama, wanda zafin wuta yake kashe shi. Wanda ya ga dabara ce ya markaɗa ta ɗanya ya jiƙa ragonsa a ciki ya kwana, da safe zai tarar naman ya saɓe, ko tsinke ba zai riƙe shi ba.